Abin da Wayar Hajiya Hansai Ta Ɗauka

"Ba nan ba, Hajiya, jan! Jan za ki danna!"

Hajiya Hansai ta sassauto da gilashinta, ta harari Chundung ta samansa. "Na tsufa ina koyar da lissafi a makarantun garin nan. Ja da fari ba za su gagare ni ba."

"To ai fuskarki kike ɗauka."

Ta duba. Gaskiya ne: wata tsohuwa ce mai mayafi ruwan toka take zare mata ido daga cikin wayar. Ta yi tsaki, ta juya kyamarar, sai ga kwanar ƙarshe ta filin tsere ta fito a fuskar wayar, da tsofaffin tayoyin da aka jera a bakinta, da kwalta mai sheƙi saboda yayyafin da ake yi tun safe.

Wannan gurbin na jikin shinge ba nata ba ne. Na maigidanta ne, Injiniya Baha'uddeen, wanda tun da 'yarsu ta fara tseren mota bai taɓa fashin zuwa filin nan na bayan Dagenham, a nan ƙasar Turawa, ba. A nan yake tsayawa ya ɗauki bidiyo, a koma gida su baje a falo shi da 'yarsa suna gardamar inda ya kamata a taka birki. Sai ga shi an yi masa aikin gwiwa, likita ya ce ko matakala kada ya yi wa kallon raini. Da safen nan yana kwance ya riƙa jero mata umarni kamar mai tura yaro kasuwa.

"Kwanar ƙarshe, zagayen ƙarshe. A nan ake yin ta ta ƙare. Ki riƙe wayar da hannu biyu."

"Na ji, Malam."

"In ta zo ta ɗaya yau, kofin shekara nata ne, ba sai an jira tseren wata mai zuwa ba. In yaron nan Rahman ya riga ta, sun yi kunnen doki a maki."

"Malam, ni na lissafa maka makin jiya."

Shi ya sa ta roƙi maƙwabciyarta Chundung, 'yar Jos da ta yi ritaya daga aikin jinya, ta rako ta. Chundung ta zo da laima mai faɗin rumfar mai tsire, da filas ɗin shayi, da bakinta.

Abubuwan da ake tseren da su, a idon Hansai, ba su cancanci sunan mota ba. Kujera ce aka dasa a kan faranti, aka ɗaura mata tayoyi huɗu da injin da ke kuka kamar na markaɗe. Manya ne a ciki, masu aikin yi, wasu har da furfura. A cikinsu akwai mai hular kwano ruwan ɗorawa, wadda Litinin zuwa Juma'a take harhaɗa magunguna a wani asibiti a Whitechapel, marasa lafiya na ce mata ranki ya daɗe da Turanci. Sunanta Muhibbat. Ita ce 'yar farin Hansai, kuma a kan haka ne tun ranar suna zuwa yau wannan sunan bai taɓa fita daga bakin uwarta ba.

Haka aka yi mata tarbiyya a Kano, cikin badala. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kunya ke nan. Ƙanin Muhibbat kuwa, Fa'iz, sunansa har ya gaji da bakinta. Amma ita babbar sai dai "ke", ko "waccan", ko "yarinyar nan", ko in abin ya yi daɗi, "mutuniyar Malam". Hansai mace ce da ba ta haɗiye magana don kawai manya sun faɗa. Ta yi watsi da camfin cewa ƙwai na sa yaro sata, ta yi faɗa da surukarta a kan wankan jego. Wannan al'adar ɗaya ce ta riƙe, kuma in aka matsa mata sai ta ce ai ita ma Turawan ba su burge ta ba: su wuni suna ce wa yaro suna sonsa, ran da ya girma su ce ya nemi ɗakin haya.

Wani Bature da ke gefensu cikin rigar ruwa ya leƙo ƙarƙashin laimar ya tambaye ta wanne ne nata a cikin masu tseren.

"Tana cikinsu," in ji Hansai.

"Mai hula yalo!" Chundung ta karɓe. "Ita ke kan gaba a maki. Wannan uwarta ne, kada ka ga tana yi kamar ta zo gaisuwan mutuwa."

"Chundung, Allah ya shirye ki."

"Amin, ya haɗa da ke."

Aka daga tuta, injuna suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Da farko Hansai ta tsaya kamar mai sa ido a ɗakin jarrabawa. Ta lura mai baƙar hula, wato Rahman, shi ne a gaba, mai ruwan ɗorawa na manne da bayansa kamar kaska. Suka wuce, suka sake wucewa. Duk zuwan da za su yi kwanar nan, sai hular ɗorawa ta leƙa ta ciki, baƙar ta rufe mata hanya. Can Hansai ta ji yatsun ƙafarta sun dunƙule a cikin takalmi. Ta ce sanyi ne.

"Na ƙarshe ke nan!" Chundung ta zungure ta. "Danna!"

Ta danna jan. Ta riƙe da hannu biyu kamar yadda aka umarce ta. Suka ɓullo daga nesa, ruwa na tashi a bayansu. Rahman ya ɗan buɗe, bai fi faɗin tabarma ba, sai hular ɗorawa ta cusa kai a wannan 'yar kafar. Tayoyi suka gogi juna. Motar Rahman ta yi wutsil-wutsil ta hau ciyawa, ta dawo, amma kafin nan Muhibbat ta wuce, tutar ƙarshe ta sauka a kanta.

Sai da ƙarar ta lafa Hansai ta ji maƙogwaronta na zafi. Ta ga Baturen ya ja da baya yana kallonta da fara'a. Ta ga Chundung ta saki baki, laima ta karkace, ruwa na zuba a kafaɗarta ba ta sani ba.

"Hajiya," in ji Chundung a hankali. "Ashe kin san sunan."

Hansai ta kashe wayar, ta jefa ta can ƙasan jaka kamar garwashi, ta ja zif.

"Mu gani mana."

"Babu abin gani."

"Har da guɗa fa kika yi. Ni tun bikin ƙanwata a Bukuru ban ji irinsa ba."

"In kika faɗa wa wani, ni da ke har abada."

Murnar ba ta je ko'ina ba. Lasifika ta yi gyaran murya ta ce sakamakon bai tabbata ba, alƙalan tsere na duba gogayyar da aka yi a kwanar ƙarshe. Kyamarar filin da ke wajen ruwa ya lulluɓe mata ido, ba ta ga komai ba. Duk wanda ya ɗauki bidiyo a wurin, ana roƙonsa ya kai ofis.

Hansai ta san dokar, don ta sha jin ta daga kicin. In hancin motar yarinyar ya kai tsakiyar ta Rahman kafin su shiga kwana, hanyar tata ce, babu laifi. In bai kai ba, ture shi ta yi, za a mayar da ita bayansa. Kuma in babu shaida, wanda aka tura ciyawa ake bai wa gaskiya.

Ga Muhibbat nan tafe, hular kwano a hammata, ɗankwalin da take sawa a ƙarƙashi ya jiƙe da gumi, waya a kunnenta. Dogon wuyan ubanta ta ɗauko, da tafiyarsa.

"Umma, Abba ya ce kin yi recording?"

"Wayar ce dai… ban san ko ta ɗauka ba. Kin san ni da waɗannan abubuwa."

Chundung ta yi tari. Hansai ta taka mata ƙafa.

Muhibbat ta dubi jakar da uwarta ta rungume a ƙirji, ta dubi fuskarta. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wanda ya faɗi haka bai haɗu da matan cikin badala ba. Yarinyar ta yi ɗan murmushi.

"It's fine, Umma. Na san ba abinki ba ne. Na gode ma da kika zo, ga sanyi." Ta gyara wa uwar mayafin da ya zame. "Ki shiga mota ki kunna heater. Ba sai kin tsaya ba."

Ta ajiye mata makulli a hannu ta juya.

Da fushi ta yi, da Hansai ta san yadda za ta yi da ita. Rashin fushin ne ya tsaya mata a wuya. Muryar wadda ta daɗe da yanke hukuncin cewa uwarta ba ta damu da ita ba ce, ta kuma yafe.

Ta tafi motar. Azahar ta yi, ta shimfiɗa darduma a bayan motar inda iska ba ta kaiwa, ta yi sallarta, Chundung na riƙe mata da laima. Da ta sallame ba ta tashi ba.

Ita ma 'yar fari ce. Innarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa "Hansai" ba, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa shakkar matsayinta a zuciyar matar nan ba. To me ya sa? Ta juya tambayar kamar yadda take juya lissafin da ya ƙi fita, sai ta ga inda amsar take. Ai ba Inna ce ta gaya mata ba, gari ne. Gwaggo ce za ta ja ta gefe ta ce, jiya da kika yi zazzaɓi uwarki ba ta runtsa ba. Mai kitso ce za ta ce, kin ga yadda take kau da kai in an ambace ki, ai ke ce 'yar gaban goshi. Shirun uwa magana ne, amma sai da masu fassara, kuma a Kano kowace katanga da tafinta a bayanta. Ita kuwa ta ɗauko shirun ta sa a akwati ta kawo shi Dagenham, ta baro tafintocin a can. Yarinya ta tashi a ajin da iyaye ke ihun sunan 'ya'yansu ranar wasanni, tata uwar tana duban agogo.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Chundung.

"Ai kuwa ki ci gaba."

"Amma yarinyan nan shekara guda tana neman kofin nan. Kuma ko babu kofi…"

"Na ce ki ci gaba da rashin cewa komai."

Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta naɗe darduma, ta karkaɗe zanenta, ta gyara zaman gilashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ofishin alƙalan wata 'yar kwantena ce mai warin kofi da jiƙaƙƙun riguna. Babban alƙalin dattijon Bature ne mai jan hanci. A gabansa Muhibbat da Rahman na tsaye kamar ɗaliban da aka kama suna faɗa. Da ya cire hula, Rahman ya zama wani siririn saurayi ɗan Bangladash mai ladabi, har ya yi mata sallama ya ce mata anti, ya jawo mata kujera. Wannan ya ƙara dagula mata lissafi, don ta tuna wani abu da ta ce a kansa.

Ta ajiye wayar a tebur. Da Turancinta na malaman da, wanda ko mai jan hancin sai da ya gyara zama, ta ce ta ɗauki kwanar, amma tana da roƙo: a kalla ba tare da sauti ba.

Alƙalin ya ba ta haƙuri. Ya ce sautin ma shaida ne, daga kukan inji ake gane wanda ya ɗaga ƙafa daga totur da wanda bai ɗaga ba.

Hansai ta kafa idonta a kan wata kalanda da ke bango.

Aka jona wayar da babban allo. Ga kwana ta fito tsaf, ko rawa babu, aikin hannu biyu. Ga motoci biyu sun ɓullo. Kowa ya matso. Rahman ya buɗe, hular ɗorawa ta karkato.

Sai sama. Gajimare fari fat, da wani jirgi yana wucewa abinsa. Sai haƙarƙarin laimar Chundung. Sai ƙasa, da takalma biyu baƙaƙe na tsohuwar malama suna tashi suna sauka a cikin taɓo. A kan wannan duka, murya ta cika kwantenar har tana tsatsa:

"Muhibbat! Muhibbatu! Shiga, ga hanya nan! Taka ta, 'yar albarka! Wuce ɗan banzan nan! Muhibbatu tawa, ta Hansai, ta gaban goshi! Ayyururui!"

A nan bidiyon ya ƙare.

Daga bakin ƙofa aka ji wani sauti kamar tayar da ke sacewa: Chundung ce ta cusa bakin gyalenta a baki.

Hansai ta ji kunya iri biyu sun haɗu sun rufe ta, ta rasa wadda ta fi nauyi. Ta sayar da mutuncin shekara da shekaru, kuma abin da ta saya da shi hoton gajimare ne. Da ta daure ta kalli abin nan sau ɗaya a mota, da ta sani.

Alƙalin ya share hancinsa. Ya ce ya gode ƙwarai, amma yana jin uwargida ta gane cewa wannan bai nuna komai ba. Kukan injin ma, a gaskiya, ba a jin sa.

Rahman ya karkato wajen Muhibbat ya tambaye ta me anti take faɗa.

"Addu'a take mana," in ji Muhibbat. "Mu duka biyu."

Muryarta ba daidai take ba. Hansai ta saci kallonta. Yarinyar ba allon take kallo ba, ba kuma uwarta ba. Hular kwanon da ke hannunta take kallo, tana murza igiyarta, haɓarta na rawa kamar ranar da aka fara kai ta makaranta.

Alƙalin ya karanta hukunci. Babu shaidar da ta nuna ta kai tsakiyar motarsa, don haka an mayar da ita ta biyu, Rahman ne na ɗaya. Maki ya zo daidai. Kofi sai a tseren ƙarshe, wata mai zuwa. Ya tambaya ko akwai mai magana.

Muhibbat ta ɗaga hannu.

Ta ce ba ta ja da hukunci ba. Amma don a tabbatar ba a tsallake wani abu ba, ko zai yiwu a sake kunnawa sau ɗaya?

Dattijon ya dube ta ta saman hancinsa, ya dubi tsohuwar da ta kafe kalanda da ido. Da alama shi ma ya haifa. Ya ce a ƙa'ida mai tsere na da wannan haƙƙin. Ya ƙara sauti, ya danna.

A hanyar gida Muhibbat ce ke tuƙi, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, yadda take yi kullum in ta bar filin. Chundung na baya tana shan sauran shayi, lokaci-lokaci sai ta ce "ta gaban goshi" ƙasa-ƙasa, ta ƙyalƙyale. A wajen fitilar kan hanya wayar Hansai ta yi ƙara: Malam ne.

"Yaya? Yaya aka yi? Tun ɗazu nake kira!"

"Sai haƙuri, Malam. Yarinyar nan ta biyu aka ba ta. Sun yi kunnen doki."

"Subhanallahi! Bidiyon fa? Ba ki ɗauka ba?"

"Na ɗauka."

"To me ya nuna?"

Hansai ta dubi titi. "Yanayin sama."

Muhibbat ta kifa goshinta a kan sitiyari, kafaɗunta na girgiza, har na baya ya yi mata hon.

"Turo min in gani," in ji Malam.

"Gogewa zan yi."

"Kin makara, Umma," in ji Muhibbat tana share ido da bayan hannu. "Na riga na tura wa kaina. Da Fa'iz."

"Allah ya isa tsakanina da Chundung, ita ta koya miki rashin ta-ido."

"Ni me nawa a ciki?" in ji Chundung.

Suka wuce shagunan kan titi, da mai sayar da doya da ke jawo rumfarsa saboda ruwa. Hansai ta gyara jakarta a cinya. Ba ta kashe wayar ba, kuma ba ta dubi mai tuƙi ba.

"Malam, gwiwar nan taka ba za ta warke kafin wata mai zuwa ba, ko likita ya ce ta warke. Ka gaya wa waccan ta sayo irin sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora waya a kai. Hannuna rawa yake."

Muhibbat ta sa sigina, ta karya kwanar layinsu.

"A'a, Umma," ta ce. "Ki riƙe da hannu."